KUƊIN LASIN FARAUTA DA DIYYAR ƁARNAR NAMUN DAJI

Ko wace shekara, da zarar dawa ta fid da kai, shinkafa kuma ta fara nuna a fadamu, sai ƙararrakin ɓarna su yawaita a ƙofar hakimai. Ƙararrakin nan iri biyu ne. Akwai ɓarnar dabbobin gida, watau shanu da tumaki da awaki, akwai kuma ta namun daji, kamar giwa da dorina da gadu da birai. Ta farkon hanyarta sananniya ce, gama ko wace saniya tana da mai ita, a kan kira shi a yi sulhu, in sulhu ya ƙi a tafi gaban alƙali. Ta biyun ita ce mai wuyar sha'ani. Manomi ya kan zo da hasara a fili, abincin shekara ya salwanta a dare guda, amma babu wanda zai kai ƙara. In kuwa ya ɗauki bindiga ko ya sa guba don ya rama, shi doka za ta kama.

An shirya wannan takarda domin hakimai da malamansu su san yadda waɗansu ƙasashe suka haɗa kuɗin lasin farauta da biyan diyya ga manoma, da inda dabarar ta yi amfani, da inda ta ci tura, da kuma abin da ya rataya a wuyan hakimi sa'ad da aka kawo masa irin wannan kuka.

WA KE DA NAMAN DAJI?

Malaman Malikiyya sun daɗe da yanke hukunci a kan ɓarnar dabbobin gida. A cikin Risala ta Ibnu Abi Zaid an nuna cewa abin da dabbobi suka ɓata na shuka da dare masu dabbobin ke biya, abin da suka ɓata da rana kuwa ba ya kansu. Dalili shi ne, da rana mai gona ya kamata ya kula da gonarsa, da dare kuma mai dabba ya kamata ya ɗaure abarsa. Hukuncin nan duka a kan mallaka ya tsaya. Akwai mai dabba, sabo da haka akwai wanda za a bi.

Naman daji kuwa ba shi da ubangiji sai wanda ya kama shi. A zamanin da wannan bai zama abin damuwa ƙwarai ba, gama manomin da gadu ko barewa suka dama ya kan ɗana tarko, ko ya kai kuka wurin Sarkin Baka a turo maharba. In an dace, naman da aka samu ya rage masa zafin hasara, sauran dabbobin kuma su tsorata su ja da baya. Da Gwamnati ta kafa dokokin hana kisan waɗansu dabbobi, ta keɓe dazuzzuka ta ce kada a shiga, sai ma'auni ya karkata, dabba ta sami mai tsaronta, gona ta rasa nata. Daga nan tambaya ta taso: wanda ya hana a taɓa dabba, ashe bai ɗauki matsayin mai ita ba?

An kai irin wannan magana gaban babbar kotun Jihar Niyok ta Amurka cikin 1917. Gwamnatin jihar ta hana kisan wata dabbar ruwa mai kama da ƙaton ɓera, wadda ke sare itatuwa da haƙoranta tana datse rafi, har ma ta samo waɗansu ta saka a daji don su hayayyafa. Da suka yawaita suka ɓata itatuwan waɗansu masu fili, sai masu filin suka nemi diyya. Kotu ta ce ba su da ita, domin Gwamnati a madadin jama'a duka ta ke tsare namun daji, ba kamar makiyayi ba, wanda ke tsare garkensa don amfanin kansa. Sabo da haka a yawancin ƙasashen da a ke biyan diyyar ɓarnar namun daji, majalisa ce ta zauna ta yi doka musamman, ta faɗi irin dabbar, da irin ɓarnar, da inda kuɗin zai fito.

DOKOKIN FARAUTA A ƘASAR NAN

Cikin 1916 Gwamnatin Turawa ta kafa dokar kare namun daji a Nijeriya. Cikin 1933 kuma ƙasashen da ke mulki a Afirka suka yi taro a London, suka yi yarjejeniya a kan keɓe gandayen namun daji, da hana farauta da mota ko jirgin sama, da kewaye dabbobi da wuta, da haska musu fitila mai kashe ido, da sa guba. Bayan samun mulkin kai, Jihar Arewa ta yi tata dokar namun daji cikin 1963. Dokar nan ta kasa dabbobi kashi uku: waɗanda aka haramta farautarsu, da waɗanda aka ba kariya ta musamman, da waɗanda aka ba kariya ta kullum, ko wane kashi da irin iznin da a ke nema kafin a taɓa shi.

Da aka raba Jihar Arewa gida shida cikin 1967, ko wace sabuwar jiha ta gaji wannan doka, waɗansu kuma suka yi mata gyara daga baya. Cikin 1976 aka rushe tsarin En'e aka kafa ƙananan hukumomi. Cikin 1985 Gwamnatin Tarayya ta yi dokar kare dabbobin da ke gab da ƙarewa, aka gyara ta cikin 2016 aka ƙara tsananta tara.

Akwai abu uku da ya kamata malamin hakimi ya riƙe daga wannan tarihi. Na fari, sha'anin lasin farauta a wajen gandayen Tarayya na jiha ne, don haka kuɗinsa da sharuɗansa a ofishin gandun daji na jiha za a tambaya, kada a ɗauki na wata jiha a yi aiki da shi. Na biyu, lasin bindiga daban ya ke da lasin farauta. Na bindiga yana ƙarƙashin dokar makamai ta 1959, riƙe shi kuwa bai ba mutum iznin harbin ko wace dabba ba. Na uku, tun dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun Gwamnan jiha bisa amana, manomi haƙƙin zama da noma gare shi. Sau da yawa kuma mai gona daban, mai shuka daban, ta hanyar aro ko haya ko jingina, hasara kuwa a kan mai shuka ta ke faɗawa.

AMFANIN LASIN

Lasin takardar izni ce wadda hukuma ke ba mutum bayan ya biya kuɗi, ta faɗi irin dabbar da zai farauta, da yawanta, da lokaci, da wuri. Ta wurinsa hukuma ke sanin yawan maharba, ta kuma iyakance abin da za a kashe don kada iri ya ƙare. Ban da wannan yana kawo kuɗi, a kan kuɗin nan kuwa maganar diyya ta rataya.

Kuɗin lasin hanya biyu gare shi. Ko dai ya shiga babban baitulmali ya gauraya da sauran haraji, ko kuwa a keɓe shi cikin asusu na musamman wanda ba a taɓawa sai don sha'anin namun daji. Amurka hanya ta biyu ta bi. Cikin 1937 majalisar ƙasar ta yi doka ta ce harajin da a ke karɓa a kan bindigogin farauta da harsasai a raba wa jihohi don kula da namun daji. Harajin nan kashi 11 cikin 100 ne na kuɗin kayan. Amma an sa sharaɗi: jihar da ke son rabonta sai ta yi doka ta hana karkatar da kuɗin lasin farauta zuwa wani aiki daban. Wannan sharaɗi shi ya ɗaure hannun masu mulkin jihohi, ya sa kuɗin maharba ya zauna inda aka nufa da shi.

Masu goyon bayan biyan diyya daga wannan kuɗi hujjarsu a fili ta ke. Maharbi ke jin daɗin yawan barewa, manomi kuwa ke ciyad da ita da amfanin gonarsa ba da sonsa ba. Tun da hukuma ta karɓi kuɗi a kan dabbar, ya kamata wani abu ya koma wa wanda ya ɗauki nauyin cikinta. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski.

TSARIN JIHAR WISKONSIN

Wiskonsin jiha ce ta manoma da masu kiwon shanun madara a arewacin Amurka, tana kuma da barewa da yawa ƙwarai. Cikin 1983 ta kafa tsarin rigakafi da diyyar ɓarnar namun daji. A kan yawancin lasin farauta a kan ƙara dala 2, kuɗin nan kuwa asusun ɓarna ya ke shiga kai tsaye, tare da kuɗin takardun da a ke sayar wa mai son harbin ƙarin barewa. Masu sayen lasin farautar barewa a jihar sun fi 500,000 a shekara, don haka dala 2 ɗin nan kaɗai ta kan tara fiye da dala miliyan 1.

Gundumomin jihar ke gudanad da aikin. Ba ko wace dabba a ke biyan ɓarnarta ba, sai waɗanda doka ta lissafa, kamar barewa da beyar da dinya da talo-talon daji. Manomi sai ya kai rahoto cikin kwana 14 daga ranar da ɓarna ta fara, kuma ba zai girbe gonar ba sai ya sanad da hukuma an zo an auna. Dala 500 na farkon hasara a kansa su ke. In hasara ta yi yawa ta haura wani haddi, kashi 80 cikin 100 na abin da ya haura a ke biya, kuma duk girmanta ba a ba mutum ɗaya fiye da dala 10,000 a shekara.

Akwai sharuɗa biyu masu nauyi. Na ɗaya, manomi sai ya bi shawarar rigakafin da aka ba shi, ko shinge ne ko abin tsorata dabba, asusu ya biya kashi 75 cikin 100 na kuɗin, shi ya ɗauki sauran. Na biyu, sai ya buɗe filinsa ga maharba lokacin farauta, a ƙalla mutum 2 ga ko wace eka 40 da ta dace da farauta. Ba a yarda mutum ya hana farauta a filinsa, barewa ta taru, sa'an nan ya zo ya nemi kuɗin maharba ba. An kuma jera yadda a ke kashe kuɗin asusun: a fara da tafiyad da aiki, sa'an nan rigakafi, diyya ta zo daga ƙarshe. In abin da ya rage bai isa ba, sai a rage wa kowa daidai gwargwadon haƙƙinsa, ba a ci bashi don a cika ba.

JAMUS DA FARANSA

Jamus wata hanya ta bi. Bisa dokar farauta ta 1952, masu ƙananan filaye na gari guda su kan zama ƙungiya ɗaya, su ba da hayar farautar yankinsu ga wani maharbi, a bisa ƙa'ida na shekara 9 ko fiye. Ɓarnar da aladen daji da barewa da zomayen daji suka yi wa shuka tana wuyan ƙungiyar, amma galibi a kan rubuta cikin takardar haya cewa mai hayar ya ɗauke ta. Sabo da haka in ya yi sakaci aladu suka yawaita, aljihunsa ke ji. Dokar Tarayya ta ba manomi mako guda ya kai rahoto, in ya wuce haƙƙinsa ya faɗi. Lambuna da gonakin 'ya'yan itace kuwa ba a biyan ɓarnarsu in mai su bai yi shingen da aka saba yi ba. Kafin a je kotu, hukumar gari ta kan tara ɓangarorin biyu a bakin gonar tare da mai kimantawa, a nemi sulhu. Hakimi zai ga wannan bai yi nisa da abin da ya saba yi tsakanin manomi da makiyayi ba.

A Faransa musaya aka yi cikin 1968. Manoma suka bar haƙƙin da su ke da shi na yin kwanto da dare su harbe aladen daji a gonakinsu, aka yi musu alkawarin diyya daga kuɗin maharba. Tun shekarar 2000 ƙungiyoyin maharba na larduna ke biya. Da aladu suka yi ta ƙaruwa, yawan maharba kuma yana raguwa, sai nauyin ya yi wa ƙungiyoyin yawa, har suka kai ƙara, amma cikin 2022 kotun tsarin mulki ta tabbatad da dokar.

KENYA DA ZIMBABUWE

Ƙasashen nan biyu sun fi kama da ƙasar nan, gama giwa ce babbar mai ɓarna a cikinsu. Kenya ta hana farautar namun daji cikin 1977, don haka ba ta da kuɗin lasin da za ta jingina da shi, daga baitulmali ta ke biya. Ta taɓa biyan diyyar shuka, ta daina cikin 1989 sabo da yawan ƙararrakin ƙarya da rashin kuɗi. Dokar 2013 ta mai da biyan: sule miliyan 5 na kuɗin Kenya ga magadan wanda dabba ta kashe, miliyan 3 ga wanda ya nakasa, shuka da dabbobin gida kuma a kan kuɗinsu na kasuwa. Doka ta yi kyau a takarda, amma bashin da ya taru a kan Gwamnati ya kai dubban miliyoyi, mutane da yawa sun yi shekaru suna jira.

Zimbabuwe ta fara wani tsari cikin 1989 a gundumomin Nyaminyami da Gurube. Aka ba hukumar gunduma iko a kan namun dajin ƙasarta, baƙi masu kuɗi su biya su yi farautar dabbobi ƙididdigaggu, a mai da rabin kuɗin ko fiye ga ƙauyukan da ke zaune da dabbobin, su gina makaranta ko su haƙa rijiya ko su raba. Wata gunduma ta gwada biyan ko wane manomi diyyar gonarsa, amma a shekara ta biyu ƙararraki suka ninka har abin ya gagara, ta daina. Rabon kuɗi ga gari kuwa shi ma yana da nasa aibi, gama wanda gonarsa ke bakin daji shi ke shan ɓarna, rijiya kuwa ta kowa ce.

ABIN DA WANNAN KE NUNAWA

In an duba misalan nan za a ga diyya daga kuɗin lasin ba ta tsayawa sai da ƙafa huɗu. Sai masu sayen lasin suna da yawa kuma suna biya. Sai kuɗin yana cikin asusun da ba a taɓawa. Sai dabbar da ke ɓarna tana da yawan da za a iya farautarta ba tare da ta ƙare ba. Sai kuma akwai masu auna ɓarna da wuri, waɗanda manomi da hukuma duka suka amince da su. In ƙafa ɗaya ta karye, alkawari ya zama bashi.

Gandun Yankari na ƙasar Bauchi ya isa misali. Gwamnatin Jihar Arewa ta yarda da kafa shi cikin 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara ran 1 ga watan Disamba 1962. Girmansa murabba'in kilomita 2,244 ne. Cikin 1991 ya koma hannun Tarayya, cikin 2006 aka mai da shi ga Jihar Bauchi. A nan ɗaya daga cikin 'yan garkunan giwa da suka rage a Nijeriya ya ke. Da rani giwaye su kan tsaya kusa da kogin Gaji, da damina kuwa, da ruwa ya samu ko'ina, su kan bazu har su faɗa gonakin ƙauyukan kewaye. Giwa babba ta kan ci abinci fiye da kilo 100 a yini, abin da ta tattake kuma ya kan fi abin da ta ci.

To, a nan ƙafa ta uku babu ita. Giwayen nan kaɗan ne, suna cikin gandun da aka hana farauta, cinikin haure tsakanin ƙasashe kuma an hana shi tun 1989. Babu lasin da za a sayar a kansu. Haka nan dorinar da ke cin shinkafa a bakin madatsun Daɗin Kowa da Kiri ba ta da yawan da za a dogara da kuɗin farautarta, jan-baki mai cinye gero da shinkafa kuwa babu mai sayen lasin dominsa. Ƙafa ta fari ma gurguwa ce, domin yawancin masu farauta a karkara don tukunya su ke yi, ba su saba da takarda ba. Sabo da haka in wata jiha ta so biyan diyya, tilas ta duba wata ƙofa ban da lasin, kamar kuɗin shiga gandu da baƙi ke biya, ko wani kaso da aka keɓe cikin kasafin shekara.

Barin maganar haka nan kuwa yana da hatsari. Manomin da ya rasa abincinsa shekara biyu a jere, bai ga kowa ba, shi ne zai rufe bakinsa in ya ga mafarautan haure sun wuce, ko ya nuna musu hanya. A ƙarshe a rasa giwa, shi kuma ya faɗa hannun hukuma.

YADDA A KE AUNA ƁARNA

Ko da diyya ko babu, rahoto mai gaskiya shi ne tushen ko wane taimako, gama babu hukumar da za ta fid da kuɗi a kan ji-ta-ji-ta. Gani ya kori ji. Ya kamata a je gonar cikin kwana ɗaya ko biyu, tun sawu da kashi ba su ɓace ba, domin a tabbatad da irin dabbar. Sau da yawa a kan ɗora wa naman daji abin da shanu suka yi, ko abin da fari ko tsutsa suka riga suka lalata.

Auna gona duka, sa'an nan a auna wurin da aka ɓata, a kwatanta shi da wurin da ba a taɓa ba. Alal misali, a ƙaddara gonar dawa ce mai eka 4, maƙwabta da Sarkin Noma sun shaida ta saba ba da dami 120, watau dami 30 ga ko wace eka. Giwaye sun shiga eka 1, an duba an ga kashi ɗaya cikin uku na karan wurin yana tsaye da zangarniyarsa. Hasara ke nan dami 20. Ba 30 ba ce, balle 120. In shuka ƙarama ce har a iya sake shukawa, sai a rubuta kuɗin iri da na aiki kaɗai. A ƙarshe a mai da damman zuwa buhu ko tiya, a rubuta kuɗin hatsi na kasuwar da ta fi kusa a wannan mako.

RIGAKAFI

Duk ƙasashen da aka ambata sun gane rigakafi ya fi magani, ya kuma fi shi araha. Gadin gona da dare a kan rumfa mai tsawo, da hura wuta, da buga gwangwani, tsofaffin dabaru ne, amma sun fi ci in maƙwabta sun haɗa kai suna karɓa-karɓa. Giwa ba ta son barkono, don haka a kan kwaɓa shi da kashin shanu a busar a ƙona, hayaƙin ya kore ta. A Kenya an gwada rataye amya a kan waya kewaye da gona, in giwa ta taɓa wayar sai zuma ta tashi, giwa kuwa tana gudunta, manomi kuma ya sami zumar sayarwa. A Yankari, bayan yarjejeniyar da Gwamnatin Bauchi ta yi da ƙungiyar WCS cikin 2014, an zaɓi waɗansu mutanen ƙauyuka su zama masu lura da giwa, su buga waya ga ma'aikatan gandu da zarar garke ya doso. Hakimi kuma yana da abin yi tun kafin shuka, watau ya ja kunnen dagatai kada a ba da sabuwar gona a kan hanyar da giwa ko dorina ta saba bi zuwa ruwa.

AIKIN HAKIMI DA MALAMINSA

1. A buɗe littafi musamman na ɓarnar namun daji, dabam da na ɓarnar dabbobin gida.

2. A rubuta rana, da sunan ƙauye, da sunan mai shuka, da na mai gona in sun bambanta, da irin shuka, da irin dabba, da awon ɓarna, da sunayen shaidu.

3. A aika wa ofishin gandun daji da ƙaramar hukuma da majalisar Sarki da kwafin rahoto ba da ɓata lokaci ba. In an ji wa mutum ciwo ko an yi rashin rai, a sanad da 'yan sanda nan take.

4. Kada a yi wa kowa alkawarin diyya sai hukumar da za ta biya ta faɗa a rubuce. Alkawari kaya ne, in ya faɗi kuwa a ƙofar hakimi za a zo nemansa.

5. Kada a ƙara wa rahoto gishiri don tausayi ko don sanayya. Ƙarar ƙarya ɗaya da aka kama ta kan sa a yi shakkar ɗari na gaskiya, abin da ya rushe biyan diyya a Kenya cikin 1989 ke nan.

6. Kada hakimi ko dagaci ya ba da iznin kashe dabbar da doka ta kare. Wannan hukunci na hukumar gandun daji ne.

7. A riƙa tara maharba ta hannun Sarkin Baka, a bayyana musu bambancin lasin bindiga da na farauta, a kuma gargaɗe su kada su biya kowa kuɗi sai da rasit na Gwamnati.

Littafin nan, in an riƙe shi da gaskiya shekara uku ko huɗu, zai nuna ƙauyukan da suka fi shan ɓarna, da watannin da ta fi yawa, da abin da ta kan kai a kuɗi. Da shi Sarki zai iya tsayawa gaban Gwamnati ya nemi shinge ko masu gadi ko asusun diyya domin talakawansa, yana da lissafi a hannu wanda ba mai iya musunsa.